Wuyan rigar Musbahu

Yau Talata. Ƙafafuna sun kwana a kumbure, jiri kuma bai sake ni ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, Musbahu tela ya rasu." Na ce wane Musbahu? Alhali na san wanda yake nufi.

An kai shi bayan azahar. Ban iya zuwa ba. Da ƙyar nake rubuta wannan, ku yi haƙuri da ni.

Mahaifinsa, Malam Garba, abokina ne tun muna firamare. Da ya rasu, Musbahu ya gaji shagon ɗinkinsa a Babbar Kasuwa, ni ma ya gaje ni. Ba ni da kowa a gidan nan na Hayin Banki, amma duk Juma'a sai na ji babur ɗinsa a ƙofa. Ya kawo kunun gyaɗa, ya zauna ya yanke mini farce yana tsiya: "Baba, faratan nan naka sai almakashin shago."

Bai taɓa auna ni ba. Kallo ɗaya yake yi, da Sallah riga ta zo daidai.

Gidansu suna da wani ɗinki da aka san su da shi. Wuyan kaftani mai tsayi, maɓalli har ƙarƙashin haɓa. Mutane sun ɗauka ado ne, har suna zuwa su ce a yi musu irinsa. Ni na san mafarinsa. Garba yana da ƙullutu a wuya, ƙanwarsa ma haka, suna kiransa maƙoƙon gida. Shi ya ƙirƙiro ɗinkin don ya rufe nasa. Muka yi ta ba shi shawarar gishiri da jiƙe-jiƙe. Ya tafi da dasasshiyar murya da gudawar da ba ta jin magani, muka ce ajali.

Da na Musbahu ya fito, bai je asibiti ba. Ya ƙara wa wuyan rigarsa tsayi.

Zuwansa na ƙarshe, ya rame, muryarsa kamar ana goga tukunya. Ya zauna a bakin katifata ya ɓalle maɓallin nan. Rabon da in ga wuyansa tun yana yaro. Tabon tiyata ne daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya ce, "Baba, ba maƙoƙo ba ne. Kansa ce, ciwon daji."

Ya yi mini bayani a hankali, yadda likita ya yi masa. An tsotsi ƙullutun da allura, an auna wani sinadari a jininsa mai suna kalsitonin, aka ga ya hau sosai. Irin tasa ana ce mata medulari, ba ta jin maganin da ake yi wa sauran cututtukan wurin, cirewa da wuri shi ne babban magani. An cire masa, amma ta riga ta bi ta kaluluwar wuya ta sauka ƙirji.

Sai ya kama hannuna. "Wannan duk ba shi ne ya kawo ni ba. An aika jinina an duba, tawa ta gado ce. Tana cikin ƙwayar halittarmu. Kowane yaro a gidanmu yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa, kuma ba a ganewa da ido."

Na ce to sai yaya?

Ya ce gwajin jini ne kawai. Wanda aka samu yana ɗauke da ita, a cire masa tsokar wuyan da cutar ke tsirowa a ciki tun ba ta zama ciwo ba, ya riƙa shan ƙwaya kullum, ya yi rayuwarsa.

Amma ƙaninsa Nura, wanda yanzu gidan ke hannunsa, ya ƙi. Wai cewa ya yi, "Haba Yaya, ka rufa mana asiri. Wa zai haɗa zuri'a da gidan da aka ce ana gadon kansa?"

Musbahu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Rufin asirin ne ya kawo mu nan, Baba. Ni na ɗinka shi da hannuna." Sannan ya ce, "Kai kaɗai Nura yake jin kunya. In na riga ka, ka faɗa masa. In ya ƙi ji, ka faɗa wa duniya, na yafe."

Ban taɓa zaton zai riga ni ba.

Tsoro nake ji, jama'a. Ba na mutuwata ba, wannan na daɗe da shiryawa. Ina tsoron in kwanta da maganar nan a bakina. Ina tuna Hafsa 'yar Musbahu da ta zo gaishe ni da Sallah, tana ta dariya, ni kuwa wuyanta nake kallo. Ga 'ya'yan Nura, ga na goggonsu Nura, ƙanwar Garba, a Kinkinau. Ban san wanne ba. Babu wanda ya sani, sai an duba.

Ya Allah ka gafarta wa Musbahu, ka sa jinyar nan ta zama kaffara, ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Ka tausasa zuciyar Nura. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya sa yaran nan. Wanda kuma yake da ƙullutu a wuya, ko a gidansu ake da shi, ya je a duba shi.

Na buga wa Nura bayan sun dawo daga maƙabarta. Ya ce, "Baba, ina nan tafe bayan la'asar."

Na lallaba na fito da kujera bakin ƙofa. Ga shi ana kiran magariba, Nura bai zo ba.