Ankon Abokan Ango

Na daɗe ina ɗaukar bidiyon biki tsakanin Ƙanƙara da Faskari, amma akwai wata Asabar da har yau ta ƙi barin raina. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, gara ku ji ta daga bakina.

Wani matashi ne mai suna Nasiru, mai gyaran waya a Ƙanƙara, ya ɗauke ni aikin ɗaurin aurensa da wata yarinya, Hauwa'u, a wani ƙauye gaba da Pauwa. Ya sha wuya kafin a ba shi ita, don mahaifinta, Malam Ila, ba ya son yaran gari. A ƙa'idar aikinmu, mai kyamara shi ke riga kowa isa. Ka gaida masu gida, ka ɗauki hoton tukwane da baƙi, sannan ka nemi wuri mai kyau ka jira isowar ango. Ana gobe biki Nasiru ya kira ni.

"Oga, gobe ka tsaya bakin gari. Ankonmu ba irin wanda ka saba gani ba ne."

Anko dai shi ne kaya iri ɗaya da abokai ke ɗinkawa don biki. Na yi dariya na ce Allah ya kai mu. Ban tambaye shi ko wane iri ba ne.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi. Da hantsi na hau wata katanga a bakin gari na saita kyamara. Sai ga ƙarar babura. Nasiru da abokansa suka ɓullo a jere, uku-uku a kan kowane babur, da wandon kakin soja, da rawani ya rufe fuska, da baƙin tabarau, wasu har da jigidar harsashi ta roba a ƙirji. Shigar wani mawaƙi ce da samari ke kallo a waya, mai wasa manyan 'yan bindigar daji kamar wasu jarumai. Waƙarsa ce ma ke tashi daga sifikar da suka ɗauro.

Zan faɗa muku gaskiya, abin da ya fara zuwa raina shi ne, kai, wannan shigowa ta yi kyau a hoto. Ni ɗan ƙasar nan, da furfura a gemuna.

Wata mata ta kurma ihu, gari ya watse. Mata suka bar tukwane a kan wuta, tsofaffi na faɗuwa suna tashi, kowa ya nufi cikin dawa. 'Yan sa-kai biyu suka fito da bindigogin gargajiya. Allah ya taimaka Nasiru ya fizge rawaninsa yana ɗaga hannu, ɗayansu ya gane shi. Da ba haka ba, jana'iza zan ɗauka.

Abokan ango suka bi gefen gonaki suna kira, "Ku fito, 'yan biki ne!" Ko mutum ɗaya bai fito ba. Sai da liman ya yi ta rantsuwa a lasifikar masallaci, sannan mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ƙaya duk ta yage musu kayan biki. Amarya kuwa aka neme ta aka rasa. Can mahaifiyarta ta gano ta a cikin rumbu, da lalle ɗanye a ƙafa. A rumbun nan ta ɓuya ranar da mutanen daji suka kashe yayanta. A nan na fara jin labarin. Nasiru kuwa ya daɗe da saninsa.

Malam Ila bai ɗaga murya ba. Ya kira ni zaure, ga Nasiru a durƙushe.

"Mai hoto, ka ɗauki abin ga?"

Na ce, "Na ɗauka, Baba."

"To nuna mashi."

Na kunna. Ga su sun shigo cikin taƙama, ga tsohuwa tana rarrafe, ga kuma muryata a bayan kyamara ina cewa, "Yauwa! Haka nake so!" Kowa a zauren ya ji. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, na rasa inda zan sa idona.

Nasiru yana hawaye ya ce, "Baba, wallahi wasa ne. Yayi ne kawai na samari."

"Na sani, yaro. Amma ba ni zan zamna da kai ba."

Ya aika a tambayi Hauwa'u. Mahaifiyarta ta dawo ta tsaya bakin zaure ta ce, "Ta ce ta san ba su ba ne. Amma ta riga ta gan shi cikinsu."

Aka mayar musu da goronsu. Abokan suka tuɓe ankon suka cusa a buhu, suka koma Ƙanƙara da singileti.

Tun ranar, kafin in karɓi aikin biki sai na tambayi anko da waƙar da za a sa, kuma na sha rasa aiki saboda haka. Samarinmu ba mugaye ba ne, abin da muka haska musu shi suke gani da kyau. Kyamara ba ta san kunya ba, sai mai riƙe da ita ya sani. Nasiru har yau yana gyaran waya a bakin kasuwa. Idan na bi ta wurin mukan gaisa, amma ba wanda ke iya kallon ɗan'uwansa.