Ɗorawar Inna da Dajin Cikin Waya

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Birnin Kudu, wani abokina ya zo mini da albishir: kamfaninsu zai ceci duniya da dashen itatuwa. Duk itacen da suka dasa za a ɗauki hotonsa a shigar a bulokcen, wato rajistar nan da kwamfutoci barkatai ke riƙewa, wadda abin da aka rubuta a cikinta ba ya gogewa. Ya ce tasu ba irin mai zuƙar wutar lantarki ba ce, mai tausayin muhalli ce. Ni malamin labarin ƙasa, na gyaɗa kai kamar na gane, na kai su gonar mahaifiyata a Kwandiko.

A tsakiyar gonar akwai ɗorawa da ta girme ni. Da kalwarta Inna ke yin daddawar da take kaiwa kasuwar Gwaram. Abokina ya zagaya ta, ya ce rajistar sabon dashe kawai take karɓa, kuma inuwar wannan za ta danne ƙananan.

Inna ta ce masa, "Ɗan nan, mai ciyar da ni za ka sare don ka rubuta wanda bai kai gwiwa ba?"

Ni na lallashe ta, har da zana mata taswira a ƙasa. Aka sare, aka dasa ƙananan itatuwa a gonar. Aka tayar da janareto yini guda don cajin na'urori, masu ceton muhalli na tari cikin hayaƙi suna ɗaukar hoto.

Bayan kaka ne fa. Kowa a Kwandiko ya san da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi. Ni ma na sani, boko ne ya rufe mini ido. Ba shinge, ba ban-ruwa. Kafin mako biyu awaki sun gama aikinsu.

Na kira abokina. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, duba wayarka, a rajista itatuwan suna nan da ransu, ba mai iya gogewa."

Har yau in na ji ana tallan fasaha mai kare muhalli, kututturen nan nake gani, raina ya ɓaci. Rajistar ta riƙe amana kam, sai dai ƙarya aka ba ta ajiya.

Inna ta yafe mini tuni. Amma duk ranar da za ta sayo kalwar wasu, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, duba wayarka mana, ko dajinmu ya yi 'ya'ya."