Lam'a a Dantsen Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na yi kishi da wani abu mai faɗin murfin kwalba ba.

Tun da ciwon suga ya kama Baba, ni nake kula da shi a gidanmu na Haɗeja. Ni ce mai auna tuwo, ni ce mai hana shayi. Mutum ce ni mai wasu-wasi, ko kofi na wanke sai na sake dubawa. Baba kuwa ba ya kai loma baki sai ya ce, "Uwata, in ci?" don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Sai ga ƙanina ya dawo hutu daga jami'a da wata 'yar na'ura da malamansa suke gwadawa. Ya manna wa Baba ita a dantse. Ya ce ba batir, ba caji, daga gumin jiki take samun wuta, a gumin kuma take auna suga ta aika wa waya. Baba mai yini a fadamar shinkafa, gumi ai ba ya yanke masa.

Cikin 'yan kwanaki aka daina tambayata. Sai dai in ji, "Auta, me abar taka ta ce?" Har maƙwabta yake ɗaga wa hannun riga su gani. Ni da na tsaya a firamare sai na zama mai miƙo kwano kawai, abin yana cina a rai.

Wata azahar yana alwala a tsakar gida na ce, "Baba, anya wannan abar ba ta bar maka lam'a ba? Wurin da ruwa bai taɓa ba fa, alwala ba ta yi."

Ƙanina ya kwashe da dariya. "Yaya, ke alwalarki har kafaɗa take kaiwa? Ai na'urar ta wuce gwiwar hannu!"

Na san gaskiyarsa. Amma Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye buta ya ce, "In Uwata tana shakka, to akwai shakka." Ya sa farce ya fara ɓamɓaro ta.

Sai na tuna ranar da aka ɗauko shi daga gona a sume, ba wanda ya san sugansa ya sauka. Ga abin da zai iya yi mana gargaɗi, zai yar da shi saboda maganata. Na yi wuf na riƙe hannunsa.

"Bar ta, Baba. Alwalarka ta yi."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Na danna gefen da ya ɗago da babban yatsana har ya koma ya kama.

Ranar na gane kishi yana iya aron rigar addini ya sa. Na kuma gane cewa wanda ake jin maganarsa ba gardama, shi ya fi kowa bukatar auna ta kafin ta fito.