Ranar da Na Tayar da Goggo daga Tebur na Ɗaya

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar nan tawa kuma na manta da su, amma akwai wani bikin aure da na yi wa aiki a nan Lafiya, shi kam har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Ba faɗa aka yi ba. Kanofi bai faɗo wa kowa ba, abinci ma ya ishi jama'a har ya yi saura. Tsohuwa ɗaya kawai na tayar daga kujera.

Ni mai ba da hayar kujeru ne da tebura da kanofi. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma a lokacin abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Shi ya sa da yayan ango, wani ma'aikaci da ke zaune a Abuja, ya kira ni ya ce liyafa yake so irin ta can, kowane tebur da lambarsa, kowane baƙo da katin da zai nuna masa wurin zamansa, sai kaina ya kumbura. Na ce, "Oga, kwantar da hankalinka, ko 'yan Abujan ba za su fi ni ba." Alhali a waya kawai na taɓa ganin irin wannan tsari.

Ni da shi muka zauna muka raba wurare. Tebur na ɗaya na iyaye, na biyu na manyan baƙi, haka har zuwa na ƙarshe can baya kusa da janareta, wanda muka bar wa duk wanda ya zo babu kati. Shi bai san dangin amarya ba, ni ma ban san su ba. Gidansu kuwa ba nisa da shagona, da na taka na tambaya da an faɗa min komai. Amma gani nake wanda ya iya aikinsa ba ya tambaya. Na dai aika gidan amarya da katin uba da na uwa, na ce shi ke nan.

Ranar biki bayan azahar, a wani filin makaranta, na sa sabuwar shaddata na tsaya a bakin kanofi ina nuna wa mutane wuri kamar ni na haifi angon. Sai ga wata tsohuwa ta shigo, 'yar siririya, da atamfa wadda ta sha wanki, ba ankon biki ba, ƙafarta duk jar ƙasa. Ba ta kalli kowa ba. Ta wuce kai tsaye zuwa tebur na ɗaya, ta ja kujera ta zauna, ta ajiye 'yar jakarta a cinya.

Na bi ta da sauri. Na ce, "Mama, ina katinki?"

Ta ce, "Kati na me, ɗana?"

Na ce, "Nan wurin iyayen amarya ne. Taso in nuna miki naki."

Ta ɗago ta dube ni. Ta dafa tebur ta miƙe. Na bi da ita ta tsakiyar jama'a har can baya, inda ƙarar janareta ba ta bari ka ji na kusa da kai. Har cewa na yi, "Yauwa Mama, nan ma abinci zai iso." Wannan maganar ita ta fi ci na idan na tuna, domin na ɗauka shinkafa ta kawo ta.

Amarya da ango suka shigo, aka yi guɗa, suka zauna. Na lura amarya tana ta waige-waige ta ƙarƙashin mayafi, amma na ce ko zafi ne. Abin da ya dame ni shi ne kujerar uwar amarya ba kowa, ga mai gabatarwa yana ta kira a lasifika. Na zagaya bayan azuzuwa inda mata ke rabon abinci, aka nuna min mahaifiyar amarya tsugune tana zuba miya. Na ce, "Hajiya, ke ake jira a tebur na ɗaya."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Ni? In zauna gaban mutane don yarinyar can? Haba malam, 'yar fari ce fa. Ai katin da kuka aiko ban ma taɓa shi ba. Uwarta Yaya ce, yayar maigidana. Tun daga yaye ta ɗauke ta zuwa ƙauyen Adogi, da noman gyaɗa da rogo ta yi mata makaranta. Ba ta iso ba ne?"

Abin kunyar shi ne na san wannan al'ada sarai. Ni kaina ɗan fari ne, mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san wadda ta riƙe yarinya ita ce uwa a ranar aurenta. Son in burge ɗan Abuja ne ya sa na ajiye abin da na sani.

Na ruga tebur na ƙarshe, kujerar wayam. Wata mata 'yar ƙabilar Tibi da ke zaune a wurin ta ɗaga murya saboda janareta, ta ce da Hausarta da ba ta nuna ba, "Mama ɗin ya tafi. Ya ga amarya ya shiga, sai ya ɗauki jaka. Ko ruwa bai sha ba."

Na hau babur ɗina sai tashar motocin ƙauye. Na same ta a cikin wata tsohuwar mota, an matse ta da buhunan taki, saura mutum ɗaya a tashi. Direba ya ga shaddata ya ce, "Oga, shigo mana, kai muke jira, ko ango ne ya gudu?" Ban kula shi ba. Na durƙusa a bakin taga na ce, "Goggo, ki yafe min. Ban san ke ce ba. Don Allah ki sauko, kujerarki tana nan."

Ta ce, "Tashi, ɗana, kana ɓata kayanka. Ni ba fushi na yi ba. Na gan ta, ta yi kyau, mijin ma ba laifi."

Na ce, "Tana nemanki, Goggo."

Ta ce, "Da ƙafata na je gaba, kowa yana kallo aka mayar da ni baya. Yanzu kuma in sake ratsa su a ce ga wadda aka kora an dawo da ita? Sai dangin miji su ce uwar amarya har sai da aka yi gardama a kanta. Ba zan ja mata wannan ba. Ka ce mata ƙafata ce ta motsa." Wani mai kaji ya shiga, mota ta cika, suka tafi.

Na koma na durƙusa kusa da amarya. Ban iya faɗin maganar ƙafar ba, gaskiya na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, ba ta ma dube ni ba. Ta dai sa hannu ta jawo kujerar nan ta uwar amarya kusa da ita, kuma har aka tashi ba ta bari kowa ya zauna a kai ba. Haka aka ɗauki hotunan bikin duka.

Na je Adogi daga baya na sake ba da haƙuri, tsohuwar ta karɓe ni, har da ba ni gyaɗa. Amma auren 'yarta sau ɗaya aka yi shi, kuma ni na hana ta zama a wurin. Yafiya ba ta mayar mata da wannan ba.

Har yau ina sa lamba a tebur idan masu biki sun so. Sai dai kafin in rubuta ko ɗaya, nakan je gidan da ƙafata, in zauna da tsofaffin mata in ce, "Wa ya riƙe ta? Wa ya yi wahalarta?" Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho ya wuce kai tsaye ya zauna a gaba, to akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba. Ka gaishe shi, ka tambaya, kafin ka ce masa tashi.