Sunan da Kaka Ta Ce Ba Ta Kira Ba

Har yanzu ban samu barcin kirki ba. Mama ta ce in rage tunani. To ni kuma da na rufe ido ruwa nake gani, sai kuma Kaka, Allah ya ji ƙanta, zaune cikin bahon wanki.

A unguwar Nakkasa ta Makka muka tashi, can saman dutse. In zafi ya matsa, bayan magariba mukan hau saman bene, Kaka ta hura gawayi a kasko ta ɗora butar shayi. Daga ƙasar Yawuri aikin Hajji ya kawo su ita da kakanmu, Baba Manu, suka yi zamansu. Shi yakan kishingiɗa a gefe da carbinsa, ido a rufe. Mu jikoki kuwa haihuwar Makka ne, ba wanda ya taɓa ganin kogi. Ruwan da muka sani shi ne na wayit, tankar da ke kawo ruwa unguwa.

"Kaka, wayit nawa ke cika kogin?" in ji ni.

"Ji ja'ira! Allah ke cika shi."

"To wa ke rufe shi in an gama ɗiba?"

Sai ta ce a miƙo mata baho. Ta cusa kanta ciki da ƙyar, gwiwoyi a sama, ta riƙe muciya a matsayin filafilin tuƙi. "Ku matso, ga ta nan ta taso. Wanda ya yi gyangyaɗi kifi ya haɗiye shi."

Wai tana amarya ne, 'yar manoma a gidan masunta, dangin miji suna yi mata gorin ba ta san ruwa ba. Ranar nan cikin bazara, kogi ya ja baya, manyan kifaye sun taru a gurbi mai zurfi, sai ta saci jiki da rana tsaka ta shiga ƙaramin kwale-kwalen mijinta, mai cin mutum ɗaya. Ta sa ɗan kifi a ƙugiya, ta ƙulle igiyar tamau a goshin jirgin don kada ta suɓuce mata. Ba a jima ba giwan ruwa ya haɗiye. Fizgar farko filafili ya faɗa ruwa, jirgi ya miƙa da gudu, kifi na gaba amarya na biye.

Ta zo wucewa ta gaban mata masu wanki. "Amarya, ina zuwa haka?" Ita kuwa ta gyara ɗankwali ta ce, "Sannunku da aiki, yanzu zan dawo!"

Gaba kaɗan akwai duwatsun da ruwa ke farfasa jirage a kansu. Kafin nan ga maza a inuwa suna gyaran taru, mijinta a cikinsu ya ba kogi baya, ubansa na zaune kusa da shi. Mace kuwa ba ta kiran sunan miji, balle a gaban suruki.

Kaka ta ce, "Na ce, 'Maigida!' Duk suka juyo, don kowa maigida ne, ban da nawa. Na ce, 'Kai wannan!' Wani tsoho ya ce, 'Ni?' Na ce, 'A'a Baba, na kusa da na kusa da kai!' Su kuwa sai yabo suke yi, wai kai, an yi dacen mata, dubi gudu ba ko filafili."

"Sai aka yi yaya, Kaka?"

"Sai na kama bakina, na riƙe mutuncina. Allah ya sa ya waiwayo da kansa, ya faɗa ruwa ya kamo jirgin. Kifin kuwa sai da aka yi masa ɗaukar gawa."

A nan ne Baba Manu, ba tare da ya buɗe ido ba, yakan ce, "Ta kira."

"Ku rabu da shi, tsufa ne."

"Ta kira. Har da sunan ubana ta haɗa, yana zaune. Mutanen tsallaken kogi ma sun ji."

Mu yi ta dariya har da birgima, ita kuma ta yunƙura za ta tashi cikin fushi, baho ya riƙe ta, sai mun taru mun ciro ta.

Juma'ar da ta wuce dangin mijina Faisal suka kama wurin shaƙatawa a bakin teku a Abhur, kusa da Jidda. Akwai 'yan jiragen roba masu cin mutum ɗaya. Aka ce amarya ta gwada, aka ba ni fatsa. Ni ko kifi ban samu ya ja ni ba, iska ce ta kwashe ni. In na tuƙa dama sai in juya, in na tuƙa hagu sai in sake juyawa, gaɓa tana ta nisa. Ruwa ya fara shigowa, abayata ta jiƙe ta yi nauyi, ga shi ban iya iyo ba. Na ɗaga hannu. Surukata ta ɗago mini nata, har tana ɗaukata hoto a waya. Faisal yana gasa nama ya ba teku baya, mahaifinsa, Alhaji Sani, na kusa da shi.

Na ce, "Yaya," yadda na saba kiransa, a hankali, kamar mai neman a miƙo mata gishiri. Sai wata igiyar ruwa ta ɗaga ni ta sauke, na ji gishirin a bakina. Wallahi ban san ina da murya irin wannan ba. "Faisal! Faisal ɗan Sani!" Ko Alhajin ban sa ba. Faisal ya yar da naman, suka zo da mai jirgin inji suka ciro ni ina kuka ina amai.

Tun ranar ban iya haɗa ido da Alhaji ba, duk da ya aiko a ce mini ya gode, ya daɗe bai ji sunansa ya fita tas haka ba.

Da, na ɗauka kunya Kaka ke koya mana da labarin nan. A kwanakin nan da barci ya ƙi zuwa, na bi dararenmu na saman bene ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da wani abu. Labaranta da yawa takan ba mu ko Baba Manu na masallaci. Wannan kam, in mun roƙa, sai ta leƙa tabarmarsa tukuna. In ba ya nan, sai ta ce mu bari ya dawo, don a samu mai cewa, "Ta kira."