Gawayin Rifkatu

Ranar Asabar ce, cikin watan Agusta na shekarar da na shiga aji huɗu. Ruwa ya ɗauke da hantsi, Dutsen Kagoro ya fito fes, ni da Mama muna tsakar gida muna ɓare gyaɗa. Ƙanwata Rifkatu tana ta zirga-zirga, domin malaminsu ya ce kowa ya kawo dakakken gawayi ranar Litinin a goge allo ya yi baƙi. Can ta ɗaga murya daga kicin: "Mama, na samu wanda aka riga aka daka, amma ya yi sanyi. In ɗora a wuta?" Mama ba ta ko waiwaya ba, ta ce, "Ɗora mana, kada dai ki ɓata mini tasa."

Baba yana da bindigar toka da yake korar birai da ita daga gonar masara. A saman ƙofar ɗakinsa take rataye, inda ko yayanmu ba ya kaiwa, kuma kullum gargaɗinsa ɗaya ne: "Wanda ya taɓa ta, shi da ni." Bindigar muka sani, ita muke tsoro. Albarushin kuwa, da yake damshin damina yana kashe shi, al'adar maharban garinmu ce su ajiye shi inda ɗumin murhu yake. Na Baba yana cikin gwangwanin madara, tsakanin na gishiri da na daddawa, ba wanda ya taɓa gaya mana.

Ba a ji wata babbar ƙara ba. Haske ne ya wulga, sai hayaƙi mai wari ya turnuƙe ƙofa. Rifkatu ta fito ba ta kuka, girarta ta ƙone ƙurmus, tana lalube da hannu tana cewa, "Mama, kina ina?" Maƙwabcinmu ne ya ɗauke ta da Mama a babur zuwa asibiti a Kafanchan. Idon hagu ya warke. Na daman bai sake gani ba.

A lokacin, bindiga ta birai ce da ranar bikin maharba. Yau tsoro ya sa ta shiga gidaje da yawa, har na malamai, harsashi yana cikin durowa tare da cajar waya. Ina kewar zamanin da masara kawai muke gadi. Rifkatu tana da 'ya'ya yanzu, kuma duk gidan da ta kai su, kafin ta karɓi ruwa takan tambaya, "Ina kuke ajiye harsashi?" Wasu sukan ji haushi, har sai sun dubi fuskarta.