Malamin da Ya Ce Ƙasa Ba Ta Fushi

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayin, wanda ɗalibansa suka laƙaba wa Malam Lissafi, a shekarar 1949, a wani gari na bakin iyaka inda kogi ya raba ƙasarsu da maƙwabciyarta. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne a bakin gada, mahaifiyarsa kuwa tela ce. Tun yana yaro an san shi da fargaba, domin idan an aike shi kasuwa sai ya tambayi abin da zai yi in ya tarar an tashi.

Neman ilimi

Ya kammala sakandare a 1968, ya shiga jami'a inda ya karanci kimiyyar siyasa, sannan ya samu digirin digirgir a 1979 a fannin nazarin yadda ƙasashe ke tsara manufofinsu na waje. Masana wannan fanni sun kasu mazhabobi, mafi shahara guda uku. Ta farko tana ɗaukar ƙasa tamkar mutum guda mai hankali, wanda ke auna amfani da asara kafin ya motsa. Ta biyu tana cewa manufa ita ce abin da ya rage bayan ma'aikatu sun gama ja-in-ja, kowace tana kare huruminta. Ta uku tana duban halin shugaba, da tsoronsa, da mashawartan da ke gudun saɓa masa. Marigayin ya rungumi ta farko hannu bibbiyu, kuma abokan karatunsa sun ce dalili bai wuce ita kaɗai ke kwantar masa da hankali ba.

Koyarwa

Daga 1980 ya fara koyarwa a jami'ar babban birni, a wani ofis ƙarami a hawa na biyu, mai fanka mai ƙara da taswirar da rana ta cinye wa launi. Kowace shekara da kalma ɗaya yake buɗe darasi: "Ƙasa ba ta fushi, lissafi take yi." Idan ɗalibi ya kawo zancen sauran mazhabobin, sai ya ce wannan tsegumin ofis ne, ba ilimi ba. Ɗalibai suna kwaikwayon muryarsa a bayan idonsa, amma ajinsa ba ya rasa cika.

Aure da zuri'a

A 1982 ya auri wata malamar jinya, 'yar garin da ke tsallaken kogi, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Sau da dama ta nemi ya taimaka mata ta karɓi fasfon ƙasarsa, yana cewa wahala ce ta banza, tunda ƙasashen biyu ba su da abin da za su samu a rigima.

Rufe gada

A farkon 1998 dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatocin biyu a kan rabon ruwan kogi, daidai lokacin da aka aiko cewa surukinsa ba shi da lafiya. Babban ɗansu ya shaida cewa mahaifiyarsu ta tsaya a ƙofar falo da jaka a hannu, ta ce, "Malam, rediyo fa ba ta faɗin alheri. Ko in dakata mu ga yadda za ta kaya?" Shi kuwa ya ce, "Je ki gaida Baba. Ƙasar da ke sayar wa maƙwabciyarta rabin hatsinta ba za ta rufe ƙofa ba. Wannan aikina ne, ki bar mini." Ta tafi da Auta, mai shekara tara, wadda sunanta ke cikin fasfon mahaifiyarta.

Makon bai ƙare ba aka rufe gada, kowace ƙasa ta haramta wa masu fasfon ɗayar shigowa ta ko'ina. Sanarwa ta ce matakin na wucin gadi ne. Marigayin ya tara yara ya yi musu bayanin cewa asarar ta fi ƙarfin gwamnatocin, don haka ba za a kai wata guda ba. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Surukinsa ya rasu bai je ta'aziyya ba, ita kuma ba ta dawo ba.

Shekarun bincike

Daga 1999 ya duƙufa bin tsofaffin jami'ai gida-gida, yana neman wanda ya yanke hukuncin don ya san wanda zai roƙa. Abin da ya gano ya fi rufe gadar tayar masa da hankali. Ma'aikatar tsaro ce ta rufe na 'yan kwanaki bisa ƙa'idarta ta kullum, amma buɗewa sai da amincewar ma'aikatu uku, kuma kowace tana jiran wata ta fara, kada a ce ita ce ta yi laushi. A tsallake ma haka abin yake. Wani tsohon babban sakatare ya ce masa, "Malam, wa za ka roƙa? Babu wanda ya rufe, shi ya sa babu mai buɗewa."

Tun daga nan ya daina buɗe darasi da kalmarsa ta da, ya koma koyar da mazhaba ta biyu, wadda ya shekara goma sha takwas yana yi wa dariya. Littafin da ya wallafa a 2003 a kan rikicin ma'aikatu ya samu karɓuwa, amma bai taɓa yarda a taya shi murna ba. Ya rame, hawan jini ya kama shi, kuma ba ya zama nesa da rediyo. Duk ranar da layin waya ya yi kyau yakan kira tsallake, mai ɗakinsa ta tambaye shi, "To, Malam, me lissafin ya ce?" Ba gori take yi ba, da gaske take tambaya, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Amsarsa ba ta wuce, "An kafa kwamiti." Ya yi ritaya a 2005, amma bai fasa zaman benci a harabar ma'aikatar harkokin waje ba, har masu gadi suka riƙa ajiye masa wuri.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin wata Talata a 2007, yana da shekara hamsin da takwas, bayan ya yanke jiki ya faɗi a kan wannan benci. An yi jana'izarsa bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan jami'a, gada kuwa tana rufe. Mai ɗakinsa ta yi takaba a gidan mahaifinta. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban, likitan dabbobi, mai bi masa, malamar makaranta, na ukun, makanike, sai Auta, wadda ta cika shekara goma sha takwas a tsallake. Ita ce ta kira babban yayanta bayan an dawo daga maƙabarta, ta ce muryar Baba dai ta sani, amma ya faɗa mata ko ya yi furfura.